Ciranin Maradi da Najeriya yanzu zuwa ne da dawowa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku domin in yi magana a kan cirani tsakaninmu da maƙwabtanmu na Najeriya, saboda na lura masu sharhi da yawa suna ɗaukarsa kamar ruwan da ke gangara kudu kawai, alhali mu da ke zaune a Maradi muna ganin abin ya sauya.

Iyakar da ta raba Ɗan Isa da Jibiya yarinya ce idan aka kwatanta ta da zumuncin da ta ratsa. Sarautar Maradi kanta ta Katsinawa ce da suka yo arewa bayan jihadi, kuma da wuya a sami gida a ƙasar Madarunfa wanda ba shi da ɗan'uwa a wancan gefen. Saurayin da ya tafi Katsina neman kuɗi, sau da yawa gidan kawunsa yake sauka.

Abin da ke tashin matasanmu tun farko shi ne gona. Gonar da kakana ya noma shi kaɗai, yau mu goma sha ɗaya ne ke da gado a cikinta, kuma geron da muke ɗaurewa ba ya kai mu tsakiyar rani. Saboda haka da zarar an gama kaka, sai samari su kama hanyar Kano, Abuja ko Legas, wannan ya yi ga-ruwa, wancan ya kafa teburin shayi, wani kuma ya yi gadi, su dawo da ruwan farko ɗauke da kuɗin taki da na aure. Haka iyayenmu suka yi, kuma ko korar baƙi da gwamnatin Shehu Shagari ta yi a 1983 ba ta kashe wannan hanya ba.

Amma tun da naira ta faɗi a 2023, lissafin ya juya. Ƙanena ya yi wata biyar yana tura kurar ruwa a Kano, da ya kai abin da ya tara wurin 'yan canji aka ƙirga masa sefa, sai ya tsaya yana kallon hannunsa, domin kuɗin da a da ke saya masa tumaki biyu bai kai na ɗaya ba. Bana bai koma ba. A maimakon haka, magina da kafintoci da masu gyaran waya daga Katsina da Kano ne ke shigowa Maradi neman sefa. Ga kuma dubban bayin Allah daga Zamfara da Sakkwato da Katsina waɗanda 'yan bindiga suka koro tun 2019, aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Cadakori da Ɗan Daji Makau. Waɗannan ba cirani ya kawo su ba, tsira da rai ne.

An rufe iyakar nan daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A duka lokutan biyu mutane ba su daina ƙetarawa ba, sai dai sun bar kwalta sun bi daji a kan kabu-kabu, kuɗin hanya ya ninka, haɗari ya ƙaru, farashin wake da aya da dabbobin da manomi ke kaiwa kudu kuma ya karye.

Roƙona ga hukumominmu, musamman yanzu da Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025, shi ne su zauna da na Najeriya su fayyace takardar da talaka zai nuna a shinge, a kuma sauƙaƙa samun katin ɗan ƙasa a ƙauyuka. Sannan a faɗaɗa noman rani irin na Jiratawa a fadamar Gulbin Maradi, domin ƙanena da ire-irensa da suka fasa tafiya suna nan zaune a gindin bishiya, ga shi kuwa da sauran wata huɗu kafin shuka.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Unguwar Zariya, Maradi