Wasiƙa daga cikin mota, tsibiran Lofoten

Mutumina,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ya iyali, ya aiki? Saƙonka ya same ni muna tsakiyar teku a jirgin fito daga Bodo, inda ka ce hotunan da nake turowa sun sa ka fara zargin na yi arziki a ɓoye. To bari in wanke kaina. Yau kwananmu 16 a Norwe cikin motar haya mai ɗaki, ni da uwargida, kuma abubuwan da ke juya mu ban taɓa ɗaukarsu hoto ba: tankin ruwa, batir, da akwatin banɗaki.

Ruwan lita 100 ne. Ji adadin kamar mai yawa, ko? Kwana biyu ya yi mana a farkon tafiya. Yanzu na koyi wanka da abin da bai kai rabin bokiti ba, kwano kuma sai an goge maiƙonsa da takarda kafin ya ga ruwa. Akwatin banɗaki kuwa, wata 'yar fitila ce ke ja idan ya cika, kuma ba ta taɓa zaɓar lokacin kirki. Sai ka zaro shi ta wata ƙofa a gefen mota, ka ja shi da hannunsa kamar jakar matafiyi, ka kai wurin da aka tanada don zubarwa. Can za ka tarar da layin dattawa daga Jamus da Holan, kowa riƙe da nasa, ana gaisawa da kai cikin mutunci kamar ba a san abin da aka ɗauko ba. Uwargida tun ranar farko ta ce wannan ma'aikatar tawa ce, ba kuma ta neman canjin minista.

Wurin kwana shi ne muhawarar kowace yamma. A Norwe suna da doka tun 1957 da ta ba kowa damar kafa tanti a daji har kwana biyu, in dai ya ba gidan mutane tazarar mita 150. Na zo da murnata, ashe dokar ba ta ba mota izinin sauka daga titi ba. Saboda haka ko dai filin ajiye motoci da ba a kafa allon hani ba, ko sansani na kuɗi, inda za ka jona wuta ka wanke tufafi. Mukan yi biyu a waje, ɗaya a sansani. Dare na uku na tsaya a gangara ban lura ba, man girki ya taru a gefe guda na kasko, muka kwana kai a ƙasa ƙafa a sama. Tun ranar, kafin in kashe inji sai na ajiye kofin ruwa a tebur na duba.

Tuƙi ba gaggawa. Yawancin hanyoyin kilomita 80 a awa ne iyakar gudu, fitila a kunne ko da rana tsaka, ga tumaki masu ƙararrawa a wuya suna kwance a kwalta ba su san hon ba. Mun ratsa ramin Laerdal, kilomita 24.5 a cikin dutse, wanda aka buɗe a 2000. Sun fafe manyan kogo uku a ciki sun haska da shuɗiyar fitila don kada direba ya yi gyangyaɗi. A wata kwana bayan mun fito ne kabad ɗin da na manta ban kulle ba ya buɗe, faranti da shinkafa suka watse har ƙarƙashin birki. Uwargida ba ta ce min uffan ba. Da ma ta yi faɗan, da ya fi min sauƙi.

Ka san a gida in an ɓata sai wani ya koma wani ɗaki. Nan taku uku ne daga sitiyari zuwa gado, in ɗaya zai wuce sai ɗaya ya zauna. Fushi ba ya samun wurin kwana, dole a shirya kafin a ɗora shayi.

Tun da muka haye tsaunin Saltfjellet a kan hanyar E6 muka shiga yankin da rana ba ta faɗuwa a wannan watan na Yuni. Ƙarfe 12 na dare za ka karanta takarda a waje ba fitila. Daren farko abin sha'awa ne, na huɗu kuwa sai da muka toshe kowace kafar labule da tawul. Agogo kaɗai ke gaya mana dare ya yi. Kuma in ka taɓa zuwa, yi cefanenka ranar Asabar, don manyan kantuna a rufe suke Lahadi. Mun koyi wannan da burodi da kifin gwangwani.

Ka tambaya ko zan sake. Zan sake, amma da ƙaramar mota, kuma ba zan ɗauko rabin kayan da muka jido ba.

Bari in tsaya nan, fitilar nan ta sake yin ja, kuma wurin zubarwa mafi kusa sai an yi tafiyar rabin awa. Ka gaida madam da yara, uwargida ma tana gaishe ku.

Naka,
abokinka