Maganar asusun yara: ga inda kwamiti ya tsaya

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na Ingila, Amurka, Saudiyya, Jamus da duk inda neman halal ya kai mu. Ya iyali, ya aiki.

Tun bayan mitin ɗin Zoom na watan jiya ake ta tambaya a guruf wai ina aka kwana maganar asusun taimakon yaran garinmu masu naƙasa ko jinkirin magana da tafiya, to kwamiti ya zauna. Da yawanmu sun so a sayi fili a gina cibiya, kuma wallahi niyya ce mai kyau, amma mu mun ga ba gini yaran nan ke jira ba, matsalar ita ce ba a gano su da wuri. Yaro zai kai shekara 4 ko 5 ba ya magana, ko bai taɓa zama da kansa ba, sai a ce ai ubansa ma haka ya yi nauyin baki, ko a ce iska ce, uwar tana ɗaki tana kuka dangin miji na cewa daga wajenta ne. Ba wanda ya hana addu'a, mu ma ita muka riƙe, a dai haɗa da asibiti.

Ku da ke Ingila kun san jan littafin nan da ake rubuta lafiyar yaro da girmansa a ciki, da ma'aikaciyar lafiya da ke duba yaro a shekara 2 zuwa 2 da rabi. A Amurka tun 1986 suke da doka a kan taimaka wa irin yaran nan daga haihuwa zuwa shekara 3, kuma jariri ana gwada jinsa tun kafin a sallamo shi. Dalili kuwa a shekarun farko ne ƙwaƙwalwa ke saurin koyo, aikin da aka yi a lokacin ya fi kamawa.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne da yawa daga cikin matsalolin nan ana iya kare su. Ku ɗauki ciwon shawara a misali. Jariri na ɗaki mai duhu har ranar suna, ba wanda ya fito da shi haske ya duba farin idonsa ko ya ɗan danna fatar hancinsa ya ga ko ta yi ɗorawa, ana ta ba shi ruwan gulukos ana shanya shi a hantsi, alhali in shawara ta yi tsanani ƙwaƙwalwa take taɓawa, yaro ya tashi kurma ko jikinsa a sandare, kuma maganin a asibiti shi ne a sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitilar nan da wuri. Kafur ɗin da muke zubawa a akwatin kayan jarirai ma yana tayar wa wasu da ita. Ga doguwar naƙuda a gida, jariri ya fito bai yi kuka ba, ga sanƙarau lokacin zafi da ke barin yaro ba ji.

To shirin shi ne mu bi ranar rigakafi, tunda dama mata na zuwa a sati 6, 10, 14 da wata 9. Za mu biya kuɗin horar da ma'aikatan asibitinmu na gari da ungozomomi su riƙa yin 'yan tambayoyi da Hausa, wuyansa ya tsaya a wata 4, yana zama a wata 9, in ƙofa ta buga yana firgita, in an kira shi yana waigowa. A kuma gaya wa uwa in ya kai wata 18 bai taka ba, ko shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ta dawo kar ta jira. Wanda aka ga alama a rubuta masa takarda zuwa Kano, Asibitin Malam Aminu Kano na da sashen yara da na gashin ƙashi, wanda kuma aka haifa ƙafarsa a lanƙwashe Asibitin Ƙashi na Dala ne, filasta ake sawa ana canzawa duk sati.

Nan ne kaso mafi yawa na kuɗin zai tafi, kuɗin mota. Gashin ƙashi ba zuwa ɗaya ba ne, uwa ta je sau biyu kuɗi ya ƙare shikenan ta haƙura. Muna so kuma a koya mata yadda za ta zaunar da shi, ta ba shi abinci bai ƙware ba, ta motsa masa gaɓoɓi a gida. Kuma dole mu bi ta wajen Liman da masu unguwanni, don in maigida bai yarda ba ba inda za ta.

Roƙonmu, likitoci da nas-nas da masu gashin ƙashi da masu koyar da magana da ke cikinmu, ku ba mu awa ɗaya a wata ta bidiyo. Dan Allah kar kowa ya loda tsofaffin na'urori a kwantena sai an tambayi na gida me suke buƙata, kuma ba ma son hoton ɗan kowa a guruf ko Facebook ko da don neman taimako ne. Mai ra'ayin gini ƙofa a buɗe take, ya zo mitin Asabar mai zuwa mu tattauna kafin a kaɗa ƙuri'a. Masu son shiga aikin horarwa ku tura wa ma'aji sunayenku kafin Alhamis.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya