Maganin tsutsar ciki ba guba ba ne, azara yake hana ta kafawa

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki, Allah ya ƙara basira.

Ni tsohon malamin bayoloji ne, na yi shekaru ina cin alli a sakandare kafin in yi ritaya. Abin da ya sa na ɗauki waya na rubuto muku shi ne, makon jiya an raba wa yara maganin tsutsar ciki a makarantar su jikana, ƙwaya ɗaya tal ta albendazol mai miligiram 400 wadda ake taunawa, da yamma muna zaune a majalisa sai wani maƙwabcina ya ce shi fa ya hana nasa yaran sha, wai abin da zai kashe tsutsa a cikin ciki ai guba ne, in ya gama da tsutsar kan yaron zai dawo. Na ce masa Alhaji ba haka abin yake ba, amma kafin in kai ƙarshen bayani aka kira magariba kowa ya watse. To bari in ƙarasa a nan, tunda ba shi kaɗai ke wannan tunanin ba.

Laifin namu ne mu malamai, gaskiya. Shekara da shekaru muna zana sel, wato ƙwayar halitta, a allo kamar ƙwai da aka fasa a faranti, mu ja kibiya mu sa suna, yaro ya haddace ya rubuta jarabawa shikenan. Alhali sel a tsaye yake da ginshiƙansa, masana na ce musu saitoskeleton, ni dai a aji ƙwarangwal ɗin sel nake cewa duk da sunan bai zauna daidai ba, don ƙashi baya rushewa ya sake haɗuwa nan da nan, wannan kuwa kullum cikin kwancewa da ɗaurawa yake kamar rumfar 'yan kasuwar ƙauye. Zare iri 3 ne. Akwai siriri mai suna aktin, kaurinsa nanomita 7 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), akwai na tsakiya wajen nanomita 10 wanda dangin keratin ɗin gashi da farce suke ciki, sai kuma mai rami a tsakiya kamar bututu, maikurotubul, nanomita 25. Sai ka jera irin wannan bututun wajen 3,000 kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya.

Aktin shi ne ƙafa. In ƙaya ta soke ka, fararen ƙwayoyin jini sai su fita daga jijiya su yi rarrafe zuwa wajen, kuma ba ƙafa gare su ba ba hannu. Abin da ke faruwa, a goshin sel ɗin ana ta jona guntayen aktin ɗaya kan ɗaya har zaren ya turo fatar sel ɗin gaba, ta kama ƙasa, a baya kuma wani furotin miyosin ya ja zaren ya tsuke kamar bakin zani, sai gindin ya biyo. Guntayen da aka kwance a baya su ake maidowa gaba a sake gini da su. Mugunyar da kake matsewa bayan kwana biyu, akasarinta gawarwakin waɗannan ne da suka yi tattaki suka mutu a bakin daga. Kuma wannan aktin da miyosin ɗin dai su ne a cikin damtsenka, a 1942 aka fara ware aktin daga tsokar nama a garin Seged na ƙasar Hangari.

Bututun kuma, ni a nan na fi jin daɗin darasi, azara ce kuma titi ne. Akwai wani furotin kainesin da aka gano a 1985 a Amurka cikin jijiyar wata halittar teku, shi wannan ɗan dako ne sak, ƙafa biyu gare shi, ya ɗora kaya ya dinga takawa a kan bututun, kowane taku nanomita 8, wajen taku 100 a daƙiƙa. Ka duba fa, sel ɗin jijiya guda ɗaya yana tasowa daga gadon baya har babban yatsan ƙafa, kusan mita 1, duk abin da can ƙarshen ke buƙata a ka ake kai masa. Wutsiyar maniyyi ma bututun nan ne ke kaɗa ta, haka ƙananan gasun da ke shimfiɗe a maƙogwaro suna sharo ƙurar hunturu sama har ka yi kaki.

To Alhaji ga inda maganin ya shigo. Ita ma tsutsar tana da irin bututun nan a sel ɗin hanjinta, da tubalin da ake kira tubulin take gina shi. Albendazol sai ya je ya manne wa tubalin, ginin ya ƙi hawa, titi ya yanke, ta kasa tsotsar sukari, a hankali ƙarfinta ya ƙare cikin 'yan kwanaki ta mutu a fitar da ita da bayan gida. Tubalinta da namu ba su zo ɗaya sak ba, maganin ya fi kama nata nesa ba kusa ba, kuma kaɗan ne daga cikinsa ke ratsa hanjin yaro ya shiga jini. Ba ina cewa a sha shi kamar gyaɗa ba. Mai ciki a wata 3 na farko ba a ba ta, don sel ba ya rabuwa biyu sai da bututun nan ya ja kowane rabi gefensa, ɗan tayi kuwa aikinsa kenan dare da rana.

Wannan dabarar ce ma likitoci suka juya kan ciwon daji, wato kansa. Furen nan mai ruwan hoda da fari da ake shukawa a harabar ofisoshi, ɗan asalin Madagaska, daga jikinsa aka samo maganin binkiristin, yana cikin magungunan da ake yi wa yara masu kansar nan da ke kumbura muƙamuƙi, wadda Dokta Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Har girisiyofulbin da ake ba yara na makero, bututun yake bi.

Roƙona Edita, shafinku na lafiya kullum a sha kaza kar a sha kaza, ku ɗan ware wuri ko sau ɗaya a wata a faɗa wa mutane yadda maganin ke aiki, da Hausa, da hoto babba. Shi kuwa Alhaji ya ce sai ya gani a jarida zai yarda, shi ya sa nake roƙon ku buga wannan kafin a dawo zagaye na gaba.

Naku,
Tsohon malamin bayoloji, daga Funtuwa