Sanarwa: Ziyarar Baba Soja Ranar 15 ga Janairu

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Duk mun san dattijon nan da muke kira Baba Soja, mai share ƙofar masallaci kafin Asuba, wanda ke ɗan ɗingishi da ƙafar hagu. Amma kaɗan ne a cikinmu suka san cewa yana cikin dakarun ECOMOG, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, da suka shiga Laberiya a 1990, daga baya kuma aka tura shi Saliyo. A can ya samu raunin ƙafar. Lambobin yabonsa suna cikin wani tsohon gwangwanin madara, ya naɗe su da farin ƙyalle, kuma sai an roƙe shi yake fito da su.

Ranar 15 ga Janairu ce ranar tunawa da ƴan mazan jiya a Najeriya, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A ganina bai kamata a ce ana ajiye furanni a Abuja don tunawa da su, mu kuma mu wuce namu tsohon sojan da sallama kawai ba.

Za mu je gidansa bayan La'asar, ya riga ya amince. Mai hali ya kawo abin da ya sawwaƙa, ko goro ne. A zo da yara su gaishe shi. Don Allah kada kowa ya tambaye shi mutum nawa ya kashe, kada kuma a ɗauki hoto sai da izininsa. Za mu yi wa abokansa da ba su dawo ba addu'a.

Muna kuma neman matashi ɗaya da zai riƙa raka shi banki karɓar fansho. Mai niyya ya sanar da mu kafin Juma'a.