Haddar ƙa'ida ba ita ce sanin kalkulas ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a shafinku na ilimi, magana ce gare ni da 'yan'uwana malaman lissafi. Na daɗe ina riƙe da alli kafin in yi ritaya, yanzu kuwa yaran unguwa 'yan aji ɗaya na jami'a ne ke zuwa ƙofar gidana bayan la'asar muna bita. Makon jiya 'yar maƙwabcina ta zo da aikin kalkulas na intigireshan kashi-kashi, wato dabarar yin intigireshan na abubuwa biyu da aka ninka da juna. Ta rubuta ƙa'idar tsaf: ∫u dv = uv − ∫v du. Na ce, "'Yata, daga ina wannan ta fito?" Ta ce, "Baba, haka aka rubuta mana a allo."

Abin ya dame ni, domin asalin ƙa'idar bai wuce layi uku ba. Ai duk ɗalibi ya san ƙa'idar ninkawa, wadda Leibniz ya buga a 1684: d(uv) = u dv + v du. Ka yi intigireshan na ɓangarorin biyu, ka ƙetarar da guda ɗaya hagu, shi ke nan ta fito. Brook Taylor, masanin Ingila, ya wallafa wannan ƙa'ida ta kashi-kashi tun 1715. Me zai hana malami ya ɓata minti biyar ya nuna wannan?

Ni yadda nake gaya wa yara, musaya ce. Kana da tambaya mai wuya, ka bayar da ita ka karɓi wata. Riba tana nan ne kawai in wadda ka karɓa ta fi sauƙi. Ɗauki ∫x eˣ dx. In ka ce u = x, dv = eˣ dx, sai x ta narke ta koma 1, amsa ta fito: x eˣ − eˣ + C. In ka juya, ka ce u = eˣ, sai ka tarar da x² ta tsaya maka a sabuwar tambayar. An gudu ba a tsira ba. Ina barin yaro ya yi wannan kuskuren da hannunsa, don wanda ya gani sau ɗaya ba ya mantawa.

Maimakon haka, sai a ba su LIATE su haddace, wato haruffan farko na sunayen waɗannan a Turanci: logaridim, kishiyar tirigonometiri, aljabara, tirigonometiri, eksponenshiyal, duk wanda ya riga zuwa a jerin shi ne u. Herbert Kasube ne ya kawo wannan dabara a 1983, kuma ba na raina ta, tana aiki sau da yawa. Amma sanda ce ta dogarawa, ba ƙafa ba ce. Na ba yarinyar ∫x³ e^(x²) dx. Ta bi jerin, ta ɗauki u = x³, saura e^(x²) dx, wanda ba shi da intigiral da za a rubuta da sanannun alamomin da muke amfani da su. Nan ta cije. Da ta tambayi kanta wane yanki ne za ta iya yi wa intigireshan, sai ta ga x e^(x²) dx, ta bar u = x². Amsa: (x² − 1)e^(x²)/2 + C. Murnar da ta yi, wallahi, sai ka ce an ba ta kujerar Makka.

Haka ∫ln x dx, da yara ke cewa ai abu ɗaya ne, ina na biyun? Na biyun shi ne dx, amsar kuwa x ln x − x + C. Ita ko ∫eˣ sin x dx, in ka yi sau biyu tambayar ce ke dawo maka, sai ka tattara ta gefe guda ka raba da 2. Mai hadda a nan yake ajiye biro, a zatonsa ya ɓata hanya.

Roƙona ga malamai, a riƙa sa yara su yi difarenshiyeshan, wato kishiyar intigireshan, na amsarsu su ga ko ta mayar da su tambayar farko. Ku kuma, Malam Edita, da za ku ware mana ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata na warware irin waɗannan da Hausa, ni zan fara turo na farko.

Naka,
Tsohon malamin lissafi, Zariya