A Tallafa wa Matan da Ke Rainon 'Ya'yanmu a Cikin Unguwanni

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili domin in ja hankalin iyaye, masu unguwanni, limamai da hukumomi zuwa ga wasu bayin Allah da muke damƙa wa amana mai nauyi kowace safiya, amma ba mu cika tunawa da su ba sai ranar da wani abu ya ɓaci. Ina nufin matan da ke riƙe 'ya'yan mutane a gidajensu, tun daga jariri ɗan wata uku har zuwa yaron da bai isa shiga aji ba, a lokacin da uwa ta tafi wurin aiki, ko makaranta, ko kasuwa.

Ni malamar firamare ce da ta yi ritaya, kuma duk 'ya'yana na haife su ina bakin aiki a nan Kano. A wancan lokacin ban san wahalar neman mai raino ba, domin babban gida aka kai ni, ga uwar miji, ga faccaloli, ga ƙannen miji 'yan mata. Nakan fita da safe in dawo bayan azahar in tarar an yi wa yaro wanka, an ba shi kunu, yana barci a bayan kakarsa. A haihuwar fari gida na koma goyon ciki, na yi wankan jego na kwana arba'in a gaban mahaifiyata, da lokacin yaye ya yi kuma ita ce ta karɓi yaron. Babu wanda ya taɓa rubuta wannan tsari a takarda, amma ya riƙe mata irina masu yawa. Yau 'yata ma'aikaciyar jinya ce, tana zaune da mijinta a gidan haya a bayan gari, sai ta hau adaidaita sahu biyu kafin ta iso wurina, kuɗin motar kuwa kowa ya san inda ya kai tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Kaka tana nan da ranta, amma ta yi nisa.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, shida kafin ta haihu, shida bayan haihuwa, tare da aƙalla rabin albashinta idan ta yi wata shida a wurin aikin, sannan ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana domin ta ba ɗanta nono. Gwamnatin Tarayya ta ƙara wa ma'aikatanta mata zuwa mako 16, a 2021 kuma ta amince da hutun kwana 14 ga maza idan matansu sun haihu. Jihar Legas ta kai hutun haihuwa na ma'aikatanta mata wata shida tun 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Duk wannan abin yabo ne, sai dai kaɗan ne daga cikin matanmu ke cin moriyarsa. Mai sayar da abinci a tasha, da mai aikatau a gidajen masu hali, da matan da ke tsintar riɗi a Kasuwar Dawanau, da malamar ƙaramar makarantar kuɗi wadda ke tsoron a ɗauki wata idan ta daɗe a gida, duk babu mai biyansu ranar da ba su fita ba. Kowace shekara a makon farko na watan Agusta ana cika rediyo da kiran a shayar da jariri nono zalla har wata shida, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, alhali binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jarirai ke samun haka. Muna ɗora laifin a kan jahilcin uwa, ba mu tambayi inda jaririn yake wuni ba, da nisan da ke tsakaninsa da nonon.

Idan uwa ta rasa kaka a kusa, ko dai ta goya ɗan ta tafi da shi cikin rana da ƙura, ko ta ɗauko 'yar raino daga ƙauye, ko ta hana babbar 'yarta zuwa makaranta. Na ga wannan da idona shekara da shekaru a rajistar aji: yarinya mai ƙoƙari ta fara fashi, a bincika a tarar an yi mata ƙani. Yarinya 'yar shekara tara da aka ɗora wa jariri a baya ita kanta raino take buƙata, kuma duk abin da ya faru a hannunta alhakinsa yana wuyanmu manya. Hanyar da ta fi waɗannan dama ita ce a kai yaron wurin wata babbar mace a maƙwabta, kuma a kanta nake son in tsaya.

Wadda ke riƙe jikana mijinta ya rasu ya bar ta da marayu huɗu, raino kuma shi ne abincinta. Ranar da na fara zuwa gidan na ƙirga yara tara a ɗaki ɗaya, uku daga cikinsu ko rarrafe ba su fara ba. Tabarma ce a shimfiɗe da tsohuwar katifa, fanka ɗaya a sama tana jiran wutar da ba ta zuwa, ruwan wanke musu jiki kuwa a wurin 'yan garuwa take saye da kuɗinta. Mace ce mai tsafta da haƙuri, kuma yaran suna ƙaunarta, amma hannunta biyu ne. Da muka zauna sai ta faɗa mini abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya. Wasu iyayen sai wata ya kai tsakiya kafin su biya na watan jiya, wasu sukan kawo yaro da zazzaɓi su ajiye ba tare da sun faɗa ba domin kada ta ce a koma da shi, wasu kuma an yi da su ƙarfe huɗu amma sai bayan magariba za su zo. Idan ita ce ba ta da lafiya babu mai karɓarta. Ranar da yaro ya faɗi ya fasa leɓe kuwa, unguwa duka za ta ji sunanta. Babu wanda ya taɓa koya mata abin da za ta yi idan yaro ya shaƙe da abinci ko ya fara jijjiga, kuma babu wata hukuma da ta san da zamanta.

Akwai masu ganin biyan kuɗin raino baƙon abu ne da boko ya kawo, kamar dai uwar ta sayar da haƙƙin da ke kanta. Ina tunatar da su cewa Halimatu Sa'adiyya ce ta shayar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta kuma raine shi a cikin ƙabilarta. Aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shayarwa ta shekara biyu, ita ce ta ɗora ci da tufatar da mai shayarwa a kan uban yaro, ta kuma ce babu laifi a nemi wata ta shayar matuƙar an ba ta abin da aka yi alkawari bisa kyautatawa. Saboda haka raino aiki ne mai daraja da lada, kuma nauyin biyansa tun asali a kan uba yake. Na faɗi haka ne domin na lura a gidaje da yawa maigida yakan ɗauke kai, ya ce tunda ita ta zaɓi fita aiki sai ta ji da kuɗin mai raino daga albashinta, alhali albashin nan da shi ake cefane. Da yawa daga cikin iyaye maza ba su ma san ƙofar gidan da ɗansu ke wuni ba.

Al'adarmu ce mu yi ihu bayan hari. A farkon 2022, bayan kisan gillar da aka yi wa wata ƙaramar ɗaliba, gwamnatin Kano ta janye lasisin makarantu masu zaman kansu domin a sake tantance su. Tsorona shi ne wata rana wani tsautsayi ya auku a ɗaya daga cikin waɗannan ɗakunan raino, a wayi gari an hana sana'ar baki ɗaya. Idan aka yi haka yaran ba za su koma hannun kakanni ba, za su koma bayan yayyensu mata ne, ko a kulle su a ɗaki. Abin da ya fi shi ne a san masu rainon, a koyar da su, a kuma rage musu nauyi tun kafin a kai ga haka.

Mafi yawan abin da ake buƙata yana nan cikin unguwa, haɗa shi ne kawai ba a yi ba. Kusan kowace mazaɓa tana da asibitin sha-ka-tafi da kwamitin da ke kula da shi, ga kuma matan da suka yi ta bin gida gida lokacin yaƙi da cutar shan inna har aka tabbatar da kawar da ita daga Najeriya a 2020, waɗanda sun san kowane lungu da kowane zaure. Me zai hana jami'ar lafiya ta tara masu rainon mazaɓarta yini ɗaya a wata, ta koya musu haɗa ruwan gishiri da sukari idan yaro ya fara gudawa, da wanke hannu da sabulu bayan an yi wa yaro tsarki, da gane saurin numfashi da sauran alamun da ke nuna a garzaya asibiti? A ja musu kunne kan rufe rijiya, da ɗauke kananzir da fiya-fiya daga inda hannun yaro zai kai, musamman idan an zuba su a gorar lemo. Mai raino da ta iya duba katin rigakafi za ta tuna wa uwa allurar mako 6 da 10 da 14 da ta ƙyanda a wata 9. Masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da damina, wanda ake ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, da masu auna damtsen yara domin gano tamowa, za su sami yara tara a wuri ɗaya maimakon su shiga gida tara. A yankin da binciken nan na 2018 ya nuna fiye da rabin ƙananan yaran arewa maso yamma sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, bai kamata a bar irin wannan dama ta wuce ba.

Sai batun wuri. Islamiyyu da yawa azuzuwansu a rufe suke wuni daga safe har la'asar, kuma kwamitin makaranta zai iya ba da aji ɗaya ga mata biyu ko uku su haɗa rainonsu, ta yadda idan ɗaya ta kwanta ciwo ko ta shiga banɗaki akwai idon da ke kan yaran. Ina kuma kira ga masu hannu da shuni da ke gina masallaci kusa da masallaci su duba wannan ƙofa ta sadaka mai gudana. Ɗaki mai iska da banɗaki da tankin ruwa da fanka mai aiki da hasken rana, idan aka yi wakafinsa domin rainon 'ya'yan talakawa, ba ƙaramin lada ba ne, kuma Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha za ta iya riƙe amanarsa. Shugabannin kasuwanni da ke karɓar kuɗin shara da na gadi su ma za su iya ware rumfa guda, haka nan manyan asibitoci da makarantu, domin rabin awar nan da doka ta ba mai shayarwa ba ta da amfani idan jaririn yana wata unguwa.

Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin tallafa wa jihohi, shi ya sa ake ganin ajin share fage a wasu makarantun firamare na gwamnati. Amma wannan aji na yaran da suka yi wayo ne, ɗan wata shida da ɗan shekara biyu ba su da gurbi a cikinsa. Kwalejojin ilimi suna yaye ɗalibai a fannin tarbiyyar ƙananan yara, kuma da za a riƙa tura wasunsu koyon aiki a irin waɗannan ɗakuna, da sun nuna wa masu raino yadda waƙa da tatsuniya da wasa da gwangwani ke buɗe bakin yaro da ƙwaƙwalwarsa, maimakon a miƙa masa waya domin ya yi shiru.

Mu mata ma akwai namu. Nana Asma'u 'yar Shehu ta naɗa malamai mata da ake kira jaji, suka riƙa kai ilimi ga matan ƙauyuka a ƙarƙashin tsarin 'Yan Taru tun ba mota ba waya, kuma ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN tana aiki tun 1985. Mu da muke iya tara kuɗin anko cikin mako ɗaya ba za mu kasa yin adashen sayen gidan sauro, tabarmi da bokitin ruwa mai famfo ga mai rainon 'ya'yanmu ba. Iyayen da ke kai yara gida ɗaya su san juna, su zauna da mai rainon a gaban mai unguwa a rubuta yarjejeniya: nawa ne kuɗin, ran nawa ga wata za a biya, ƙarfe nawa ake ɗaukar yaro, wane ne aka yarda ya ɗauke shi, wa za a kira idan ciwo ya taso. A ganina, bisa abin da na sani na yara, mace ɗaya ba ta iya riƙe jarirai fiye da uku da ba su fara tafiya ba, kuma idan iyaye suna son a tsaya a haka, sai su yarda kuɗin ya ƙaru, ko su haɗu su biya mata mataimakiya babba.

A unguwar 'yata mun fara da ɗan abin da ya sawwaƙa. Iyaye shida sun amince su riƙa biya kafin biyar ga wata, wani daga cikin mazan ya ɗauki nauyin ruwa, ni kuma ina zuwa ranar Talata da Alhamis in karɓe ta na awa biyu ta ɗan miƙe bayanta. Ina roƙon Edita ya tura wakilinsa, zai fi kyau a ce mace ce, ta shiga irin waɗannan gidaje a Kano, Kaduna, Zariya da Sakkwato, ta ji daga bakin masu rainon kansu, domin hukumomin lafiya da na ilimi da ma'aikatar mata su san yawan yaran da ke wuni a hannunsu.

Wassalam.

Daga wata malamar firamare mai ritaya,
Kano.