Takardar da kakansu ya bar wa marayuna

Assalamu alaikum Malam. Daga Tawa nake rubutowa, ina roƙo a sakaya sunana.

Mijina ya rasu a 2020 a hanyarsa ta dawowa daga Abijan, ya bar ni da yara uku. Mahaifinsa ne ya riƙe mu a sashen da ke bayan gidansa. Baba ya san in ya faɗi jikokin nan ba su da gado, tunda ubansu ya riga shi kuma akwai 'ya'ya maza a raye. Shi ya sa wata Juma'a bayan la'asar ya kira limamin unguwa da wani maƙwabci, aka rubuta da ajami a takardar littafin 'yan makaranta cewa sashen wasiyya ne ga yaran. Ina tsaye bakin ƙofa da kwanon fura lokacin da ya dangwala yatsa. Hannunsa na rawa, tawadar ta zarce layi, har yau ga tabon nan a takardar.

Bara Allah ya yi masa rasuwa. A taron dangi na fito da ita, sai baffannin yaran suka ce tsoho ya riga ya ruɗe, ni na juya shi. Wallahi Malam, a watan da aka rubuta takardar ma da kansa ya je kasuwa ya sayar da raguna biyu. Mai unguwa ya zaunar da mu sau biyu, sulhu ya ƙi, sai ga sammaci.

A kotu aka bayyana mini cewa a dokar Nijar gado da wasiyya bisa al'adar masu shari'ar ake hukunta su, shi ya sa alƙali ke zama da masanan al'ada. Abu biyu suka tsaya a kai: shaidu, da ko wasiyyar ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku na dukiyar. Liman ya rasu. Maƙwabcin yana ci-rani a Abijan, ba zai dawo ba sai faɗuwar damina. Shin za a karɓi shaidarsa daga can, ko ta almajiran da suka san rubutun liman?

Maganar sulusin ce ke hana ni barci. Su baffannin, gida kaɗai suke lissafawa, don sashen ya fi kashi ɗaya cikin uku na gidan. Ba sa ambaton gonaki biyu na hanyar Keita, ba sa ambaton shanun da ke hannun makiyayi, alhali kowa a gidan ya sha nononsu. Wa ke da alhakin ƙididdige dukiyar duka a yi mata kuɗi? In kuma ta wuce sulusin, wasiyyar ce ta rushe ko za a rage ta ne kawai?

Ƙosai nake soyawa, ba ni da kuɗin lauya. Na ji akwai hukumar gwamnati da ke taimaka wa marasa ƙarfi da lauya, ta ina ake farawa?

Ba na son zumunci ya yanke, jininsu ne. Babban ɗana, mai shekara 14, ya daina gaida baffansa, na yi faɗa har na gaji. An ɗage zaman zuwa wata mai zuwa. Malam, me zan riƙe a hannuna in shiga da shi ranar?